Muryar Bayan Labule

Sarewa ake ce masa, kuma wanda ya raɗa masa sunan ba don yabo ya raɗa ba. Ƙaton mutum ne mai faɗin kafaɗa da cikar gemu, irin wanda in ya shigo motar haya sai an matsa masa. Amma da zarar ya rataya jita ya buɗe baki, sai wata siririyar murya ta fito, garau, can sama, wadda ko budurwa sai ta yi da gaske kafin ta kamo ta. Waɗanda suka san shi a rediyo kawai sun sha rantsewa mace ce. Akwai wani mai shagon taya da ya daɗe yana aika gaisuwa gidan rediyo ga "baiwar Allah mai waƙar ruwa", har ranar da aka nuna masa baiwar Allahn a bakin titi tana shan shayi da gemunta. An ce tun daga ranar bai sake aika gaisuwa ga kowa ba.

Ƙungiyarsu ta yi tashe. Kiɗansu mai ƙarfi ne, jitar lantarki na ruri, ganga na dukan ƙirjin mutum, sannan bisa kan duk wannan hayaniya muryar Sarewa na shawagi ita kaɗai. Samari su yi masa dariya a titi, su maƙe murya suna kwaikwayonsa, sannan su sayi tikiti su je su yi ta tsalle a gabansa har su jiƙe da gumi. Shi dai ya daɗe da daina tambayar dalili.

Duk taron da ya taɓa tarawa, babu mai sauraron da ke hana shi sukuni kamar tsohuwa ɗaya da ke kwance a ɗakin da ke jikin kicin na gidansa. Inna ce, mahaifiyarsa. Yanar ido ta rufe mata gani, gigin tsufa kuma ya bi mutanenta yana kwashewa ɗaya bayan ɗaya, har ya kwashe ɗan da ta haifa. In ya shiga gaishe ta sai ta gyara mayafi ta ce, "Bawan Allah, famfon ne kuma? Yana can ta baya." Tun abin yana yi masa ciwo har ya saba amsawa da, "To, Inna, zan duba." Matarsa kuwa, wadda ke ɗinki a falo, maƙwabciya ce a wurin Inna, mai kirki dai, amma mai yawan shiga gidan mutane.

Mutum ɗaya ce ta rage a kanta daram, 'yarta ta fari, wadda kowa a gidan ke kira Yaya, har ita Innar. Yaya kuwa ta daɗe da rasuwa. Zazzaɓin 'yan kwanaki ne ya ɗauke ta tun kafin a fara jin ƙanenta a rediyo. Inna ta yi kukanta a lokacin, ta haƙura, ta rayu shekaru da sanin haka, sai da tsufa ya zo ya share mata mutuwar ya bar ta da jira. Duk abincin da aka kai mata sai ta ture kwanon ta ce, "Sai na ji motsin Yaya." An yi lallashi, an yi dabara, an kawo likita, ko gezau. Ta rame har zoben hannunta ya fara zamewa.

Shi da Yaya muryarsu ɗaya ce tun suna yara, kuma wannan ne ya sha cetonsa daga duka. Babansu direban babbar mota ne, mutum mai kaurin murya da saurin hannu, ba a sanin ranar dawowarsa. Sai dai kawai a ji gyaran murya a bakin ƙofa, wani irin gurnani daga can cikin ƙirji, gidan gaba ɗaya ya yi tsit. Babu abin da ya tsana kamar ya ji ɗansa na waƙa. "Ni mata biyu na haifa?" in ji shi, yana zare bel. Ya yi ta jiran ranar da muryar yaron za ta fashe ta zama ta maza. Ta magana dai ta ɗan sauko, amma ta waƙa ta yi zamanta a sama. Saboda haka duk ranar da gyaran muryar nan ya riske su suna wanke-wanke suna waƙa, Yaya ce ke rigan kowa buɗe baki: "Ni ce, Baba." Wani lokaci ya yarda, wani lokaci bel ya yi aikinsa.

Inna kuwa ba ta taɓa shiga tsakani ba. Sai ta juya wa duniya baya ta fuskanci tukunya. Abin da ya fi ci wa Sarewa rai ma shi ne, ko shi kaɗai ne ke waƙa a tsakar gida, Yaya na can makaranta, sai ya ji Inna ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, waƙar ta isa haka." Uwar da ta haife shi ba ta iya bambanta shi da 'yarta. Ya girma da wannan a ransa, kuma ko bayan Baba ya rasu bai taɓa ajiye shi ba. Yana sonta, yana ciyar da ita, yana kuma jin haushinta, duka a zuciya ɗaya.

Wata rana da hantsi, lokacin da ƙin cin abincin ya kai intaha, yana tsaye a kicin yana ɗauraye kofi, bai ma san yana yi ba, sai ga tsohuwar waƙar da shi da Yaya suka ƙirƙira a bakin kwanuka ta fito masa, wadda daga baya ya sa mata jita da ganga ta zama waƙar da aka san shi da ita:

Ruwa na kiɗa a kan kwano,
tsaya ka ji, kada ka tafi,
in ya ɗauke ni zan raka ka.

Daga bayan labulen da ya raba kicin da ɗakin Inna sai aka ji gado ya motsa. "Yauwa," in ji Inna. "Ga ta nan. Maƙwabciya, miƙo mini kwanon nan."

Daga ranar aikin ya hau kansa. Lokacin cin abinci na yi, matarsa za ta tsayar da keken ɗinki ta ɗauki tire ta shiga, shi kuma ya tsaya a bayan labule, ya buɗe famfo, ya riƙa kaɗa kwanuka yana waƙa. Sun gwada ya shiga ya yi a gabanta, abin bai yiwu ba. Da ta ga inuwar ƙato a kanta sai ta rikice ta ce a fitar mata da mai gyaran famfo. Dole sai a bayan labule, dole kuma da ƙarar kwanuka.

"Yaya, bar wanke-wanken nan haka ki zo mu ci," Inna za ta ce.

"Ta ce ki fara, Inna, tana zuwa," matarsa za ta amsa.

Muddin waƙa na tafiya, cokali na tafiya. In ya tsaya haɗiyar yawu, cokali ya tsaya a iska. Tsohuwa ce mai cin abinci a hankali, sai ya maimaita waƙar, ya ƙara mata baiti, ya koma farko, safe da rana da yamma. Ya daina karɓar wasan da zai kai shi nesa. 'Yan ƙungiya suka yi gunaguni suka gaji suka bari. Inna ta murmure, kumatunta suka ɗan ciko, har tana faɗa da maƙwabciya a kan gishiri. Shi kuwa yana tsaye da hannu cikin ruwa, yana jin daɗi tana ci, yana jin ɗaci don ba dominsa take ci ba.

Ita ce ma ta fara lura. Wata rana ta ajiye cokali ta ce, "Yaya, mura kike yi ne? Muryarki ta zauna." Matarsa ta yi dariya, shi ma ya yi. Mura kuma? Ai jiya-jiya ya yi wasa, ya hau har ƙololuwar waƙar ya sauko lafiya, mutane na ihu. Gaskiya ne yana jin wani abu kamar ƙaya a maƙogwaro, yana tashi da dishewa, amma mawaƙin da bai san dishewa ba ai bai fara waƙa ba. Ya sha ruwan ɗumi da zuma ya ci gaba. Tsohuwar da ba ta san ɗanta ba, ita ce za ta gaya masa inda muryarsa take?

A wani tsohon gareji suke gwaji, wanda suka manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kada maƙwabta su kai ƙara. Ranar da abin ya fito fili da rana ne tsaka, ana zafi, suna cikin kiɗa aka ɗauke wuta. Suka zauna a kan lasifikoki suna fifita da kwali, mai ganga na ba da labarin surukarsa. Da wuta ta dawo, mai fiyano, wanda suke kira Yatsu, abokin Sarewa tun suna samari, yana kan waya da matarsa. Ya maƙale wayar a kafaɗa, ya ce a tafi, ya fara taɓa waƙar ruwa. Fiyano kaɗai ke buɗe waƙar, sai murya ta shigo, sauran kayan kiɗa sai daga baya.

Sarewa ya kama makirufo ya shiga. Tun a layin farko ya ji kamar an ɗaga masa matakala. A na biyu jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Da ya kai inda muryar ke tashi sama, inda mutane ke ɗaga hannu, sai ta tsage. Wani irin sauti ya fito, rabi iska rabi kuka, lasifika ta ƙara masa girma ta watsa shi a garejin. Ya sake gwadawa, bai ma kai inda ya kai da farko ba.

"Kai Yatsu, me ka yi wa fiyanon nan? Ka ɗaga kiɗan."

Mai ganga ya sunkuya yana gyaran abin da bai lalace ba. Mai babbar jita ya kafa wa silin ido. Yatsu ya kashe wayar ya ajiye a hankali.

"Ban ɗaga ba," in ji shi. "Nan ne inda waƙar take. Nan ka saba yin ta."

Akwai wani ɗan maɓalli a gefen fiyanon lantarki. In aka danna shi sai kiɗan gaba ɗaya ya sauko ƙasa kaɗan, yatsun makaɗi na nan inda suka saba, ba mai ganewa da ido. Tun bara, ranar da Yatsu ya ji abokinsa na kokawa da saman waƙar, ya danna maɓallin sau ɗaya bai gaya masa ba. Da fiyanon kowa ke daidaita tsirkiyar jitarsa, har shi Sarewa, saboda haka kowa ya sauko tare, waƙa ta yi daɗi, aka tashi lafiya. Bayan 'yan watanni ya sake dannawa. Ya kuma sakewa. Sauran sun sani, suka haɗa baki suka yi shiru. Matsalar maɓallin ɗaya ce, in wuta ta ɗauke fiyanon na mantawa, sai an sake dannawa. Yatsu bai taɓa mantawa ba sai yau.

"Sau nawa?" in ji Sarewa.

"Bar maganar sau nawa."

"Na ce sau nawa?"

"Da yawa, abokina. Wallahi don kai muka yi. Mun ga halin da kake ciki da Inna, muka ce in muka gaya maka hankalinka zai tashi. Muka ce gajiya ce, za ta wuce."

"Kun mayar da ni yaro ke nan. Ina ta hawa kujera ina cewa dutse na hau, kuna tafa mini."

Ya zare jitar ya jingine ta a bango. Bai yi zagi ba, bai buga ƙofa ba, da ma ya yi da sun fi samun sauƙi. Abin da ke yawo a kansa a hanya shi ne, a duk garin nan tsohuwar da ta rikice ce kaɗai ta gaya masa gaskiya.

Likitar maƙogwaro mace ce mai ƙaramin jiki, ba ta da yawan magana. Ta zura masa wata siririyar roba mai fitila ta hanci, ta juyo masa da allon na'urar ya gani da idonsa. Wani tsiro ne kamar ƙwayar wake, zaune a kan ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke fitar da murya.

"Tun yaushe kake jin canji?"

"Ban ji ba," ya ce. Da ya ga ta ɗago kai ta dube shi, sai ya ƙara da cewa, "An hana ni ji."

Ba ta tambayi ma'anar hakan ba. Ta ce da ya zo tun abin na ƙarami, da ɗan kankarewa za a yi, ya huta, ya koma aikinsa. Yanzu ya yi jijiya, sai an yanka da ɗan zurfi, kuma ba abin jira ba ne, don irinsa in aka bar shi ba murya kaɗai yake ci ba.

"Bayan aikin fa, likita?"

"Magana za ta dawo, da yardar Allah."

"Waƙa nake tambaya."

"Na san ko kai wane ne, ina da waƙoƙinka a mota," ta ce. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Wancan saman, ka yi masa sallama."

Abin mamaki, ba dandali ne ya faɗo masa a rai ba, ba fitilu ba, ba masu ɗaga hannu ba. Cokali ya gani tsaye a iska.

Ya ce a ba shi lokaci. Ya koma gida ya ci gaba da tsayawa a bayan labule, yana matso muryar kamar mai matse tsumma, a gefe guda kuma suna neman mafita. Suka ɗauko faifansa na farko, wanda muryar ke nan sabuwa fil, suka sa a bayan labule, shi yana kaɗa kwanuka. Ko baiti ɗaya ba a gama ba Inna ta ce, "Wa ya kunna mana rediyo ana cin abinci? A kashe." Yatsu, wanda kunya ta hana shi shigowa gidan sai dai ya tsaya a ƙofa, ya kawo na'urar ɗaukar murya mai kyau, suka ɗauki waƙar ba kiɗa, har da ƙarar famfo. Inna ta saurara, ta kai cokali biyu, sannan ta ce, "Yaya." Na'ura ta ci gaba da waƙa. "Yaya, da ke nake." Na'ura ba ta san ana ɗan tsayawa a yi tari ba, ba ta san ana sassautawa in tsohuwa ta yi magana ba. Inna ta ture kwanon. Har matarsa ta gwada sa'arta, ta shiga bayan labule ta rera iyakar iyawarta. "Maƙwabciya," in ji Inna, "in ƙofar ce ke kuka a sa mata mai."

Sun yi dariya ranar, su biyu a kicin, har matarsa ta share hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Ranar da ta ga jini a cikin kwatamin wanke-wanke, dariya ta ƙare. Ta rufe famfon da hannunta ta ja shi falo.

"Maigida, kai kake so ka riga ta tafiya?"

"In na yi aikin nan ba za ta ƙara ci ba. Kin sani."

"Na sani. In ba ka yi ba fa? Ka mutu, sannan ta daina ci, in binne mutum biyu? Ni ma fa 'yar wani ce. Tun yaushe rabon da ka yi barci ba ka tashi kana neman numfashi ba?"

"Uwata ce."

"Ban ce ba uwarka ba ce. Ni nake wanke ta, ni nake juya ta. Amma muryar nan tafiya take ko an yanka ko ba a yanka ba. Jiya sau nawa Inna ta tsaya tana tambaya ko lafiya?"

Ya zauna a kan kujerar keken ɗinki, ƙato da shi, ya rufe fuska da tafin hannu. Tsoro yake ji, tsoron wuƙar likita, da tsoron cewa shi da hannunsa zai sake kashe wa Inna 'yarta.

Da safen da za a kwantar da shi ya yi mata waƙar har ta cinye kwanon tas. Muryar na karyewa yana ɗaurawa. Da ta gama ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Ya tsaya riƙe da labulen, ya ji albarkar ta wuce ta gefensa zuwa ga wadda ke kabari, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Aiki ya yi kyau, in ji likita. Ta kafa masa doka, ba magana, ba raɗa, ba ko gyaran murya, sai ta ba da izini. Ya dawo gida bebe, yana nuni da hannu. Inna kuwa tun ranar farko ta koma gidan jiya. Ruwa take karɓa, sai ɗan shayi in an yi sa'a. Ya riƙa tsayawa a bayan labule yana kaɗa kwanuka ba waƙa, ko motsin kaɗai zai isa. Ta kasa kunne ta yi ta jira, sannan ta ce da ƙaramar murya, "Maƙwabciya, fushi ake yi da ni ne? Me na yi?" Ya bar kicin ɗin ya fita bayan gida ya tsaya yana kallon bango, ko kukan kirki an hana shi.

Makonni suka shige. Kumatun da suka ciko suka koma. Zoben ya zame ya faɗi, matarsa ta tsince shi a cikin zanin gado ta ajiye. Inna ta daina tashi zaune, ta daina faɗa a kan gishiri. Likitan da ke zuwa duba ta ya sa mata ƙarin ruwa, ya ce wannan dabara ce ta ɗan lokaci, jiki sai da abinci.

Ranar da likitar maƙogwaro ta ce ya gwada magana, ya buɗe baki ya ce, "Na gode." Abin da ya fito mai kauri ne, mai gurnani, daga can ƙasan ƙirji. Likita ta ce madalla, zai ƙara washewa kaɗan. Shi kuwa bai yi murna ba. Ya san muryar nan a wani wuri, amma bai yarda ya tsaya ya tuna ko ina ne ba.

Daga asibiti kai tsaye kicin ya nufa. Rana ta take, lokacin abinci ya yi.

"An ce ka yi magana, ba a ce ka yi waƙa ba," in ji matarsa.

"Ki kai mata kawai."

Ta ɗauki tiren ta shiga. Ya tsaya a bayan labule, ya buɗe famfo, ya jawo kwanuka. Ya ja numfashi zai fara, sai ya ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro. Ya yi gyaran murya.

Gadon ya yi ƙara da ƙarfi. Ta gefen labule ya hango Inna, wadda rabonta da tashi zaune an kwana biyu, ta yunƙura ta tashi, hannunta na lalube tana neman mayafi. Ta ja shi ta rufe kai, ta haɗe gwiwoyi, ta sunkuyar da fuska.

"Sannu da zuwa, Baban yara," ta ce. "Ba mu ji tsayuwar mota ba."

Yanzu ya tuna inda ya san muryar. Matarsa ta ɗaga gefen labulen ta leƙo, idonta ya ciko.

"Ka ce ta ci," ta raɗa masa.

Ya girgiza kai.

"Don girman Allah, maigida. Ka ce ta ci."

Ya dubi bayan tsohuwar, ƙasusuwan kafaɗarta sun fito ta cikin mayafi. Duk rayuwarsa babu wanda ya yi alkawarin ba zai zama ba sai mutum ɗaya. Ya rufe ido.

"Ki ci abinci," ya ce.

Inna ta lalubo cokali da sauri. Shinkafa na zuba a zaninta, tana kaiwa baki tana haɗiyewa ba ta ko taunawa sosai, irin cin wanda ake tsaye a kansa. Matarsa na riƙe da kwanon tana kuka ba sauti. Cokali ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya. Ga abin da suka yi makonni suna roƙo ya samu, kuma Sarewa bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba.

Da ta ci kusan rabi sai ta dakata. Ba ta ɗago kai ba.

"Ina ci, Baban yara, ga shi ina ci. Amma zan roƙe ka abu ɗaya, ko za ka dake ni sai na faɗa." Ta haɗiyi yawu. "Waƙar nan da kake ji a gidan nan, ba Yaya ba ce. Yaron ne. Na sani, ban taɓa kasa gane muryar ɗana ba. Ni ce nake cewa Yaya da ƙarfi, don ko kana bakin ƙofa ka ji, kada ka taɓa shi. Ka bar shi ya yi abinsa. Muryar da Allah ya ba shi ke nan, kuma wallahi tana da daɗi. Ka tsorata mini shi, ga shi kwana da kwanaki ban ji shi ba."

Kwanon da ke hannun Sarewa ya sulluɓe ya faɗa cikin ruwa. Ya dafa bango. Maganar da ya jira tun yana yaro ke nan, ta zo, kuma ba shi aka gaya wa ba.

"Ka ji, Baban yara? Ka bar shi?"

Sai da ya buɗe baki sau biyu kafin sauti ya fito.

"Na bar shi," ya ce da muryar ubansa.

Inna ta sauke ajiyar zuciya. Ta ɗago kai a karon farko, fuskarta ta saki, har da ɗan murmushi.

"Allah ya saka maka da alheri. To kira shi ya yi mini, in ƙarasa abincina."

Ta ɗebo cokali ɗaya ta riƙe, ta karkata kunne wajen labulen, tana jira.